Tatso magani ta fata da 'yar wutar lantarki: ina aka kwana?

Akwai magungunan da likita zai rubuta maka, ka sha, ka warke, ba wanda zai damu da sanin nawa ne ya zauna a jininka. Farasitamol na cikinsu, muddin ba ka wuce ƙa'ida ba. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da ba a yi musu wannan sakaci, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Litiyam ne babban misali. Tun 1949, lokacin da John Cade, wani likitan ƙwaƙwalwa a Ostireliya, ya wallafa abin da ya gani a marasa lafiyarsa, aka san amfaninsa ga masu lalurar nan da ke sa mutum ya hau sama da zumuɗi, ya daina barci, ya yi ta surutu da kashe dukiya, sannan bayan wani lokaci ya faɗo cikin baƙin ciki mai nauyi. Har gobe litiyam yana sahun gaba a maganin wannan lalura. Sai dai ana son yawansa ya tsaya a tsakanin milimol 0.6 da 1.2 a kowace lita ta jini (milimol ma'auni ne na yawan sinadari), likitoci da yawa ma sun fi son kada ya haura 1.0. In ya wuce 1.5, hannu ya fara karkarwa, ga amai da gudawa, tafiya ta koma tangaɗi, harshe ya yi nauyi. In ya wuce 2, rai ne a kan layi.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, ƙwaya ɗaya ba ta ba da adadi ɗaya a kullum. Ƙoda ce ke fitar da litiyam, kuma tana mu'amala da shi kusan yadda take yi da gishiri. Duk ranar da jiki ya rasa ruwa da gishiri, ko ta gumi, ko ta gudawa, ko ta zazzaɓi, ƙoda sai ta shiga tattali, ta riƙe gishirin, ta riƙe litiyam ɗin tare da shi. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda mutane ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba, su ma suna sa ya taru. Haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. To ka ɗauki mutumin da ke shan wannan magani a Sakkwato ko Zinder cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga shi wataƙila yana azumi, ga ciwon baya ya sa ya aika a sayo masa ƙwayoyi biyu a bakin titi. Bai ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta ba, amma jininsa zai iya cika da maganin.

Shi ya sa ba a ba da litiyam sai da awon jini. A ƙa'idar da ake bi a Ingila, ana awon ne mako-mako a farko har adadin ya daidaita, sannan duk bayan wata uku a shekarar farko, kuma dole a ɗebi jinin awa 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe. Ba litiyam kaɗai ke da wannan buƙata ba. Fenitoyin da balfurowet na masu farfaɗiya, digoksin na masu ciwon zuciya, jentamaisin da amikasin da ake yi wa masu cuta mai tsanani allura, waɗanda in sun yi yawa suke taɓa ƙoda kuma su kashe ji, duk suna cikin wannan rukuni. Kowane awo na nufin allura a jijiya, da ma'aikacin da ya iya, da ɗakin gwaji mai na'ura da sinadari da wuta, da kuɗin mota, da jiran sakamako. Ga babba mai lafiyar jijiya wahala ce kawai. Ga jariri bakwaini mai nauyin kilo ɗaya, wanda duk jinin jikinsa bai kai mililita 100 ba, kowane ɗiba asara ce da ake ji.

A nan ne tambayar ta taso: tunda maganin yana yawo a ruwan da ke ƙarƙashin fata, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba daga waje, me zai hana a jawo shi ba tare da an huda ba?

Abin da ke hanawa shi ne fatar kanta. Shimfiɗarta ta sama, wadda matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo suka gina, kaurinta bai wuce mikromita 10 zuwa 20 ba, wato gashin kai ya fi ta kauri sau da yawa, amma ita ce ke tsare ruwan jiki kada ya tsiyaye, take kuma hana na waje shiga. Abu mai narkewa a ruwa, balle mai ɗauke da cajin lantarki, da ƙyar yake ratsa ta. Sai dai tun wajajen 1900 wani likita Bafaranshe a birnin Nantes, Stéphane Leduc, ya nuna cewa lantarki na iya tura sinadari ta cikinta. Ya jera zomaye biyu a kan waya ɗaya. Ɗaya ya sa masa gubar sitiriknin a ƙarƙashin faifan ƙarfe da aka manna a fatarsa, wanda ke ɓangaren tarawa, wato mai alamar + da ka sani a kan batir, ɗayan kuma gubar sayanaid a ƙarƙashin faifan ɓangaren ɗebewa. Da aka kunna wuta, kowanne ya mutu da alamomin gubarsa. Da aka juya wayoyin a kan wasu zomayen, ba abin da ya same su. Sitiriknin cajin tarawa gare shi, don haka faifan tarawa ya kore shi cikin jiki. Sayanaid cajin ɗebewa gare shi, faifan ɗebewa ya kore shi. Da aka juya, kowane faifai sai ya riƙe gubarsa a waje. Wannan dabara ita ce ake kira ayontoforesis.

Likitanci ya daɗe yana amfani da ita ta fuskar turawa. A 1959 Lewis Gibson da Robert Cooke na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka fito da gwajin gumi na gano wata cutar gado da ke toshe huhu da majina mai kauri: a tura maganin filokafin cikin fatar hannun yaro da 'yar wuta, wurin ya yi gumi, a tara gumin a auna gishirinsa. Har yau da wannan gwajin ake tabbatar da cutar. Amma waya ba ta aiki ta gefe ɗaya. A daidai lokacin da faifai ke tura wani abu ciki, yana jawo wani abu waje, in ba haka ba da'irar ba za ta cika ba. An rubuta wannan tun 1954, lokacin da wasu masu bincike suka tatso sodiyam da fotasiyam daga fatar mutum. Wanda ya mayar da abin fagen bincike na gaske shi ne Richard Guy, wanda ya fara aikin a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a ƙarshen shekarun 1980, ya ci gaba a Jeniba ta ƙasar Suwizalan tare da Begoña Delgado-Charro, daga baya su biyun suka koma jami'ar Bath a Ingila.

Yadda ake yi ba shi da wuyar kwatantawa. Ana manna fayafai biyu a fatar hannu, kowanne da ɗan ruwa ko jel a ƙarƙashinsa, a haɗa su da ƙaramin batir. Wutar da ake bari ta ratsa ba ta wuce rabin miliamfiya a kowane santimita murabba'i ba. Abin da mutum zai ji shi ne ɗan ƙaiƙayi ko tsikari, wurin kuma yakan yi ja na ɗan lokaci. A cikin waya, ƙwayoyin lantarki ne ke gudu. A cikin jiki kuwa babu waya, don haka ƙwayoyin gishiri da suka narke, masu caji, waɗanda ake kira ayon, su ne ke ɗaukar wutar. Masu cajin tarawa, irin sodiyam da fotasiyam da litiyam, sai su nufi faifan ɗebewa su fito. Masu cajin ɗebewa, irin kiloraid da balfurowet, su nufi faifan tarawa. Yawancinsu ba ta tsakiyar busasshiyar fatar suke bi ba, suna bin inda ya fi sauƙi ne, wato kofofin gashi da na gumi. Ana yin fayafan da azurfa da gishirin azurfa, saboda in aka yi da ƙarfen da ke fasa ruwa, ƙarƙashin faifai ɗaya zai koma asid, ɗayan ya koma kanwa mai ƙarfi, fata ta ƙone.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce ta sa sukari ya shigo labarin. Fatar mutum ita kanta tana ɗauke da ɗan cajin ɗebewa, saboda haka ta fi sakin hanya ga ayon masu cajin tarawa. Yayin da sodiyam ke tururuwa zuwa faifan ɗebewa, yana jan ɗan ruwa tare da shi, ruwan kuma yana tafe da duk abin da ya narke a cikinsa, har da abin da ba shi da caji ko kaɗan. Ruwan ɗan mitsitsi ne, 'yan mikrolita a awa, amma ya isa ya fito da sukari da sinadarin yuriya da wasu magunguna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Adadin wutar da ka kunna shi ke ƙayyade jimillar ayon ɗin da za su ratsa. Wannan doka ce da Michael Faraday ya gano tun shekarun 1830, ba ta da makawa. Ka ɗauka motar haya ce a tasha mai ƙididdigaggun kujeru, ga cincirindon fasinja. Wanda danginsa suka fi yawa a tashar, kuma ya fi zafin nama, shi zai cika motar. A ruwan jiki sodiyam ya kai milimol 140 a lita, kiloraid ya haura 100, litiyam kuwa galibi ko ɗaya bai cika ba. Don haka kusan duk kujerun na sodiyam da kiloraid ne, abin da litiyam zai samu bai kai ɗaya cikin ɗari ba. In ka yi lissafi da rabin miliamfiya na tsawon awa guda, litiyam ɗin da zai taru a ƙarƙashin faifai bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Amma wannan rashin rinjaye shi ne kuma sirrin awon. Tunda yawan sodiyam a jiki kusan a tsaye yake, rabon da litiyam ke samu yana hawa da sauka daidai da yawansa a jiki. In ya ninka a jini, ya ninka a faifai.

Daga nan masu binciken Jeniba suka fito da dabarar da a ganina ita ce mafi kyau a duk wannan fage. Fatar wani ba ta zama daidai da ta wani, kai ko a jikin mutum ɗaya, gaban hannu da bayansa ba ɗaya ba ne. In ka auna litiyam ɗin da ya fito shi kaɗai, ba za ka san ko yawansa daga jini ne ko daga sakin fata ba, sai ka koma ka ɗebi jini ka daidaita na'urar, wato ka dawo kan allurar da kake gudu. Sai suka ce a auna abu biyu a tare, litiyam da sodiyam. Duk abin da fata ta yi wa ɗaya ta yi wa ɗayan, domin dukansu ƙanana ne, cajinsu iri ɗaya, hanyarsu ɗaya. In ka raba wannan da wancan, bambancin fata ya faɗi, abin da ya rage shi ne rabon litiyam a kan sodiyam, shi kuwa sodiyam an riga an san adadinsa. A 2004 Benoît Leboulanger da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan marasa lafiya na gaske masu shan litiyam a Jeniba, kuma abin da aka tatso ya bi abin da aka auna a jininsu sau da ƙafa. Sun kuma ci karo da wani abu da duk mai son ƙera na'ura dole ya sani: abin da ya fara fitowa ba ya nuna jini. Fatar mai shan litiyam tana tara nata ajiyar, kuma sai an kwashe wannan tukuna, awon ke fara faɗin gaskiya. Ke nan ba mannawa za a yi a karanta nan take ba, akwai jira.

Labarin fenitoyin ya fi wannan sarƙaƙiya, amma yana da wani armashi. Kusan kashi 90 cikin 100 na fenitoyin da ke jini a manne yake da wani furotin na jini mai suna albumin, kuma wanda ke manne ba ya aiki. Ragowar kashi 10 da ke sake shi ne ke shiga ƙwaƙwalwa ya hana farfaɗiya, shi ne kuma ke sa jiri da tangaɗi in ya yi yawa. Awon da aka saba yi a ɗakin gwaji jimilla yake bayarwa, ana neman miligiram 10 zuwa 20 a lita. Matsalar ita ce, mai ciki, da mai ciwon hanta ko ƙoda, da wanda yunwa ta ci jikinsa, albumin ɗinsu ya ragu, don haka sakakken ya ƙaru alhali jimillar tana nuna komai lafiya. Haka in an haɗa wa mutum fenitoyin da balfurowet, na biyun yakan ture na farkon daga jikin albumin. Albumin kuwa ƙato ne, nauyinsa ya ninka na fenitoyin sama da sau 250, ba ya iya ratsa fata. Saboda haka abin da lantarki ke tatsowa sakakken ne zalla, wanda likita ya fi buƙatar sani kuma ya fi wuyar aunawa a asibiti. An nuna haka a ɗakin bincike, da fatar kunnen alade wadda ake amfani da ita saboda kamarta da ta mutum: da aka zuba balfurowet, abin da ya fito na fenitoyin ya ƙaru, daidai da yadda sakakken ya ƙaru. Sai dai alherin yana tafe da wahalarsa, domin abin da ake nema yanzu miligiram 1 zuwa 2 ne a lita, ga maganin ya fi litiyam girma da jinkirin tafiya. Abin da zai fito ya ƙara ƙanƙancewa.

Wannan ne ke raba magungunan da dabarar za ta yi wa amfani da waɗanda ba za ta yi wa ba. Ana son magani ƙarami, mai caji, mai yawa a jini, wanda bai manne da furotin sosai ba. Litiyam ya cika duka huɗun. Digoksin kuwa ana auna shi ne da kimanin mikrogiram ɗaya a lita, in aka ƙidaya ƙwayoyi, litiyam ya ninka shi sau dubu ɗaruruwa. Takrolimus na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda yawancinsa a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake ɓoye. Waɗannan sai dai a ci gaba da ɗibar jini. An gwada kafeyin, sinadarin nan na goro da kofi da ake ba bakwaini don kada numfashinsu ya riƙa ɗaukewa, a kan fatar da aka sassabe don ta yi kama da ta jariri, an kuma gwada amikasin, duk a matakin bincike.

Na'ura ɗaya tak ta wannan fasaha ta taɓa yin suna a kasuwa, kuma ba magani take aunawa ba, sukari ne. Kamfanin Cygnus na Kalifoniya ya ƙera GlucoWatch, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Agogo ne da ake ɗaurawa a hannu, ƙarƙashinsa akwai jel biyu masu ɗauke da sinadarin da ke narkar da sukari ya ba da siginar lantarki. Yana kunna wuta ta miliamfiya 0.3 na 'yan mintoci, ya tsaya ya auna, sannan ya juya ɓangarorin. Na farkon yana ba da sakamako duk minti 20 har awa 12, bayan jiran awa 3. Na biyun, wanda ya fito a 2002, duk minti 10 har awa 13, bayan jiran awa 2. A lokacin, abin ya zama kamar mafarki ga iyayen yara masu ciwon sukari, waɗanda ke tashi tsakar dare su huda yatsan ɗansu don tsoron kada sukarinsa ya faɗi yana barci.

Bai kai labari ba. Sukarin da ke fitowa ya gaza na jini kusan sau dubu, don haka ɗan ƙaramin kuskure ya isa ya ɓata awon. Duk lokacin da aka sa sabon jel, sai an huda yatsa an daidaita. Sakamakon yana zuwa a makare da kimanin kwata na awa. Fata tana yin ja, tana ƙaiƙayi, wasu har da ƙuraje. Binciken da aka yi a kan yara a Amurka ya nuna cewa agogon ya fi rauni a daidai inda aka fi buƙatarsa, wato lokacin da sukari ya faɗi ƙasa. Ga kuma babbar matsala: gumi. Gumi yana da nasa sukarin, yana kuma sauya yadda wuta ke bi ta fata, don haka aka gina agogon ya tsallake awo duk sa'ad da ya ji jiƙa. Alhali gumi yana cikin manyan alamomin faɗuwar sukari. Kamfanin Animas ya sayi fasahar a 2005, a 2007 aka daina sayar da agogon. Waɗanda suka gaje kasuwar, irin su Dexcom da FreeStyle Libre, sun haƙura da batun rashin huda, suka koma sa wani siririn zare a ƙarƙashin fata ya zauna kwanaki.

Dabarar raba awo da sodiyam, wadda ta yi wa litiyam kyau, ba ta zauna daidai a kan kowa ba da aka gwada ta da sukari. Dalilin a fili yake: sodiyam lantarki ne ke jansa kai tsaye, sukari kuwa ruwa ne ke tafe da shi, kuma yawan ruwan ya dogara da cajin fatar, wanda ke sauyawa daga mutum zuwa mutum. Wannan ya sa nake ganin faɗuwar GlucoWatch ta shafa wa sauran fagen kashin kaji ba da haƙƙinsa ba. An fara da abu mafi kasuwa, wanda kuma yana cikin mafi wuya: sukari na iya faɗuwa cikin mintoci, ana bukatar awonsa dare da rana. Litiyam ba haka yake ba. Awo ɗaya a mako ko a wata ya wadatar, jiran awa ɗaya ko biyu ba zai cutar da kowa ba, kuma wutar da aka kunna sau ɗaya a wata ba za ta ci fata kamar wadda ke aiki awa 12 kullum ba. Amma litiyam tsohon magani ne mai araha, masu shansa kaɗan ne in an gwada da masu ciwon sukari, don haka kuɗin ƙera na'ura bai bi ta kansa ba. Fiye da shekara 20 bayan gwajin Jeniba, abin da aka tabbatar yana yiwuwa bai zama kayan aikin yau da kullum a asibiti ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ke damuna. Agogunan zamani da zobba da ake tallatawa a Facebook da TikTok, ana cewa suna auna sukari ba tare da huda ba, ba su da alaƙa da wannan bincike. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta ce ba ta amince da ko ɗaya daga cikin irin waɗannan agoguna da zobba ba, ta kuma gargaɗi mutane kada su dogara da su. Mai allurar insulin da ya ƙara ko ya rage magani bisa lambar da irin wannan agogo ya nuna masa, da ransa yake caca.

Adalci ya sa a faɗi abin da masu shakka ke cewa, domin suna da hujja. Mai shan litiyam ba adadin maganin kaɗai ake duba masa ba. Ana duba ƙodarsa, da aikin ƙullin tayiroid da ke maƙoshinsa, da sinadarin kalsiyam, kuma waɗannan da jini ake yin su. Faifan fata zai rage zuwa ɗakin gwaji ne, ba zai kawar da shi ba. Sannan akwai abokan takara. Ana iya ɗiga jinin yatsa a kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika da shi nesa. Ana auna wasu magunguna a yawu. A 2019 masu bincike a Imperial College da ke Landan sun bi diddigin maganin fenisilin a jikin masu sa kai da wasu ƙananan allurai da ba su kai jijiya ba. Ita ma wutar ba a raina ta: a 2016 an dakatar da sayar da Zecuity, wani faci mai tura maganin ciwon ɓarin kai ta lantarki, bayan rahotannin ƙuna da tabo a fatar masu amfani da shi. Duk wanda zai manna irin wannan a jikin bakwaini, wanda fatarsa ba ta gama ƙwari ba, dole ya yi taka-tsantsan ninki biyu.

Duk da haka aikin bai mutu ba. A 2015 ƙungiyar Joseph Wang a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta buga fayafan da na'urar awon a kan wata 'yar takarda mai mannewa a fata. A 2018 masu binciken Bath, Richard Guy da Adelina Ilie da sauransu, suka zo da wani tunani daban. Tunda yawancin abin da ke fitowa ta kofar gashi yake bi, kuma yawan kofofin ne ke bambanta wuri da wuri, sai suka rarraba facin zuwa ƙananan ɗakuna, kowanne ƙanƙane ta yadda galibi kofa ɗaya zai rufe ko ya rasa. Ɗakin da ya dace da kofa zai ba da awo, kuma tunda an san daga kofa ɗaya ya fito, ana fatan ba sai an daidaita da jinin yatsa ba. Sukari suka auna, amma babu abin da ya keɓe tsarin ga sukari.

Mu fa, ina ruwanmu? Hukumar lafiya ta duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin da suke buƙata. Wanda bai samu ƙwayar ba, ba a yi masa maganar auna ta. Wannan ne na farko, kuma babu na'urar da za ta maye gurbinsa. Amma ga wanda ya samu, tsofaffin magungunan nan masu ƙunƙuntar tazara su ne suka fi araha, kuma mu ne muka fi nisa da ɗakin gwaji. Awon da ba ya buƙatar allura, ko na'urar juya jini, ko firji, wanda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya yi da batir, ya fi amfani a ƙauyen Katsina ko Maraɗi fiye da Jeniba, inda ɗakin gwaji ke ƙarshen baranda. Yana kuma iya kama abin da ke wahalar da likitocinmu: maras lafiya ya ce yana shan magani amma ciwo bai lafa ba, shin ba ya sha ne, ko adadin ya yi kaɗan, ko kuwa jabu aka sayar masa?

Sai dai fatar da za a manna wa facin a nan ba irin ta ɗakin bincike mai sanyi ba ce. Da bazara gumi ba ya yankewa, kuma gumin mai shan litiyam yana ɗauke da sodiyam da litiyam nasa, waɗanda za su gauraya da abin da lantarki ya jawo. Da hunturu fata ta bushe ta tsattsage, a lafta mata man kaɗanya ko basilin, maiƙon ya shiga tsakanin faifai da fata. Mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid, waɗanda mata da yawa da wasu maza ke shafawa, suna sirantar da fata. Ga lalle, ga ƙurajen zafi, ga jel ɗin kansa da zai kwana a shago ko a bayan mota cikin rana. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya karkatar da awo, kuma a maganin da rabin milimol ke raba lafiya da guba, karkata kaɗan ma ba ta da wurin zama. In ranar ta zo da wani kamfani ya kawo irin wannan faci, ya kamata NAFDAC da takwarorinta na Nijar da Ghana su nemi a nuna musu gwajin da aka yi a kan mutanenmu, a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Yamai, da bazara da kuma hunturu, ana gwada kowane sakamako da jinin da aka ɗiba a wannan sa'ar, kafin a bari likita ya ƙara ko ya rage wa wani ƙwaya a kansa.